Littafin aiki: kai 'yan uwa kallon sha'abi a tsibiran Farasan

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

An buɗe wannan littafi ne domin wanda zai shigo aikin daga baya, jagora ne ko mai kula da kaya, ya tarar da abin da aka gwada ya yi, da abin da aka gwada aka watsar. Aikin shi ne ɗaukar 'yan uwa Hausawa mazauna Jizan da Jidda da Makka, da ɗalibai da masu zuwa ziyara, a kai su su ga sha'abin Farasan, tsibiran Saudiyya da ke kudancin Bahar Maliya, da idonsu. Ba nutso da tukunyar iska a goye ba ne. Mutum zai kwanta ne rub da ciki a saman ruwa, gilashi a fuska, bututu a baki, yana shaƙar iskar sama yana kallon ƙasa.

Sha'abi shi ne sunan da masuntan nan ke kiran tudun murjanin da ke ƙarƙashin ruwa. Mu a gida murjani adon wuyan iyayenmu mata ne, to a nan sai an zaunar da baƙo an gaya masa cewa abin da yake gani kamar dutse halitta ce mai rai. Tsibiran kansu tsohon murjani ne da ya taso sama ya bushe, shi ya sa duwatsun gaɓa ke yanka kamar reza, kuma da shi aka gina tsofaffin gidajen fataken lu'ulu'u irin gidan Rifa'i. A 2021 UNESCO ta sa Farasan cikin jerin gandayen halittu da ake karewa. Ƙa'idarmu ita ce ba a ɗaukar komai daga ruwa, ko da ɓawon katantanwa ne.

Tsarin tafiya: daga Jizan zuwa Farasan kimanin kilomita 50 ne, abbara, wato babban jirgin fito, tana ɗaukar mutane da motoci kyauta, sau biyu a rana, da safe da kuma wajen la'asar. Baƙi za su tsallaka ran Juma'a bayan masallaci, su kwana, a fita teku Asabar da sassafe, su koma da abbarar yamma. Faluka, ƙaramin jirgin da muke fita da shi, ba ta fita sai da izinin Harasul Hudud, wato dakarun tsaron iyaka, don haka sunan kowa da lambar igamarsa, wato katin izinin zama, ko fasfonsa su iso mana tun Laraba. Wanda sunansa ba ya cikin takarda, ko ƙanin nakuda ne, wato matuƙin faluka, a gaɓa zai tsaya.

Cikin mutum goma da suka ba da suna, da wuya a samu uku da suka iya iyo. Waɗanda suka iya ɗin ma iyon kududdufi ne, kai a sama, ana dukan ruwa da hannu, kuma wannan iyon ba ya tafiya da bututu. Saboda haka kowa ɗan koyo ne a wurinmu, ko da ya rantse a bakin Kogin Kwara aka yanke masa cibiya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An zagaya wurare shida da faluka, an tsayar da uku. Da gangan aka zaɓi tsakiyar watan Musulunci, lokacin da cikowa da janyewar ruwa suka fi ƙarfi, don a ga kowane wuri a ranar da ya fi muni.

Awo biyu ake yi kafin kowa ya jiƙa ƙafa. Na farko gudun ruwa: a cika gorar ruwa rabi, a ɗaure ta da igiya mai mita 10, a sake ta daga gefen faluka bayan an kafa anka, a duba agogo. Idan igiyar ta miƙe cikin daƙiƙa 20, ruwan na gudun rabin mita a daƙiƙa, ba mai shiga, har jagora. Idan ta ɗauki tsakanin 20 da 40, sai waɗanda suka saba. Sama da 40 shi ne ruwan 'yan koyo. Na biyu hasken ruwa: farin farantin tangaran aka huda, aka ɗaure da igiya mai ƙulli a kowace mita, ana sauke shi har ya ɓace wa ido. Ƙasa da mita 4 ba a shiga, domin jagora ba zai ga ƙafar na bayansa ba.

Wuraren, da sunayen da muka raɗa musu. Tafki: yashi zalla, ruwa iya ƙugu zuwa ƙirji, babu gudu, nan ne makaranta. Lambu: kawunan murjani a warwatse cikin yashi, zurfin mita 2 zuwa 3, farantin ya ɓace ne sai da aka ja shi gefe mita 8. Bango: gefen sha'abi da ya gangara zuwa zurfi, nan kifi ya fi yawa, nan kuma gorar ta miƙe igiya a daƙiƙa 25.

Kada a yi wa baƙi alkawarin ruwan da suke gani a hotunan intanet. Yawancin hotunan daga arewacin Bahar Maliya ne. Kudu na samun ruwan da ke shigowa daga Tekun Aden ta Babul Mandab, mai ɗauke da abincin ƙananan halittu, shi ya sa yakan yi ɗan kore-kore. Kifi ya fi samun abinci, ido kuma ba ya nisa.

Anka a kan yashi kawai ake jefa ta, kuma sai mutum ya leƙa da gilashi ya tabbatar sarƙar ba za ta shari murjani ba idan faluka ta juya.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kaya sun iso: gilashi 24, bututu 24, ƙafar agwagwa (faffaɗan takalmin iyo) 20, rigar ceto 16, tayar ceto 3, usur 20.

An mayar da gilashi shida saboda na roba ne. Wanda ake so shi ne mai gilashi gasasshe, wanda ko ya fashe ba ya tsagewa da tsini, kuma leɓensa na silikon. Gwajin girma a tudu ake yinsa: a ɗora gilashin a fuska ba tare da maɗauri ba, a ja iska kaɗan ta hanci. Idan ya manne, ya yi. Idan ya faɗo, a canja. Yawancin gilasan kasuwa aljihun hancinsu matsattse ne, ga mu da hanci mai faɗi, don haka an ƙara odar takwas masu yalwar aljihu.

Sabon gilashi yana zuwa da wani siririn maiƙo daga masana'anta, shi ke sa hazo ya rufe shi ko an yi masa me. Maganinsa farin man goge baki, ba mai kama da jeli ba: a murza ciki da yatsa minti uku, a wanke, a maimaita sau uku. Ranar fita kuma sabulun wankin kan jarirai, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a fesa, a ɗauraye sau ɗaya. Yawu ma yana aiki, amma ba a gilashin da mutum ashirin ke karɓa-karɓa ba.

Bututu kada ya wuce santimita 40. Duk abin da ya ƙaru a tsawo, iskar da mutum ya fitar ce ke zaune a ciki yana sake shaƙarta. An tarar da wasu guda huɗu da ƙaramar ƙofar fitar da ruwa ta ƙasa ba ta rufuwa sosai. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana ta zama, sai ruwa ya riƙa tsiyaya cikin baki.

An rubuta lamba 1 zuwa 16 a bayan kowace rigar ceto da babban rubutu, an ɗaura mata usur.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Fitar gwaji ta farko, maza takwas, jagora biyu, mai tsaro ɗaya a kan faluka. An ware wa Tafki minti 15. Wannan kuskure ne, kuma shi ya lalata sauran ranar.

A Tafki kowa ya ce ya gane. Da aka isa Lambu, ƙafa ta daina taɓa ƙasa, sai mutum biyar cikin takwas suka ɗaga kai, suka tofar da bututu, suka fara laluben abin kamawa. Babu wanda ya sha ruwan kirki, rigar ceto ta riƙe kowa, amma ba wanda ya ga kifi. Dalilin a fili yake: mutum ya koyi numfashi da bututu yana tsaye, bai taɓa yarda ruwa ya ɗauke shi ba.

Sabon tsarin Tafki, minti 40, ba a tsallake mataki. Da farko numfashi da bututu kai a waje, a ƙirga ashirin, a hankali kuma mai zurfi. Sai a sunkuya a sa fuska, hannu a kan gwiwa, wasu ashirin. Sai jagora ya zuba ruwa cikin bututun da gangan, mutum ya busa shi waje da ƙarfi kamar mai cewa "tu", ya ja numfashi na gaba a hankali, harshe a ganɗa don ya tare ragowar. Sau biyar. Sai a ɗaga leɓen gilashi a bar ruwa ya shiga, a koyi fitar da shi: danna saman gilashin a goshi, ɗaga kai kaɗan, hura ta hanci. Na biyar shi ne wanda aka rasa a baya: kwanciya a ruwa minti uku cur, ƙafa ba ta taɓa yashi, hannu a kan taya. Na ƙarshe juyawa rigingine don hutawa. Wanda bai wuce na biyar ba, Tafki ne rabonsa a ranar, kuma ba abin kunya ba ne, akwai kifi a can ma.

Yoyon gilashi iri uku aka gani. Gashin baki ne kan gaba: gemu ba ruwansa, amma gashin da ke ƙarƙashin hanci yana ɗage leɓen. A rage layin sama kaɗan da reza, ko a shafa man silikon. Basilin yana cin roba, an hana. Na biyu ɗaure maɗauri tamau, wanda ke lanƙwasa leɓen ya ƙara yoyo. Na uku dariya. Mutum ya ga kifi ya washe baki, kumatu su motsa, ruwa ya shiga. Wannan ba shi da magani.

Ƙafar agwagwa daga ƙugu ake kaɗa ta, gwiwa a sake, ba tuƙin keke ba. Mutum uku jijiyar sha-raɓarsu ta ɗaure. A juya rigingine, a kama bakin ƙafar agwagwar a jawo shi wajen jiki, ƙafa a miƙe.

Doka ga jagora: mai firgita ba a miƙa masa hannu, taya ake tura masa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, wuyan jagora kuwa ya fi takobi sauƙin kamu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mutum goma, tara sun wuce Tafki, duka taran sun yi minti 35 a Lambu. Tsarin ya zauna. An tsayar da rabo a 'yan koyo huɗu ga jagora ɗaya, duk huɗun riƙe da taya guda, jagora na ja da igiya mai mita 3.

Sabuwar matsala: tsayawa a kan murjani. Da mutum ya ga "dutse" a kusa, sai ya miƙe a kai ya gyara gilashi. An karya rassa a wuri biyu. Mai rassa yakan ƙaru da 'yan santimitoci a shekara, mai kama da tulu kuwa kusan santimita ɗaya yake yi, ke nan kan da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan wanda ya taka shi. Wa'azi a faluka bai hana ba, domin mai takawa ba mugunta ce ta sa shi ba, neman ƙasa yake. Abin da ya hana shi ne sauya hanya: ana bi ta gefen kawunan inda zurfi ya kai mita 2, ba ta samansu ba, kuma duk mai son gyaran gilashi ya juya rigingine a kan taya. An kuma lura ƙafar agwagwa na tayar da yashi ya sauka kan murjani idan mutum ya tsaya a tsaye a ruwa yana kaɗawa. Kwanciya dai ita ce maganin duka biyun.

Ana gaya wa baƙi cewa ta cikin gilashi komai na ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa. Ya rage miƙa hannu, ya kuma rage ƙarya a labarin girman kifi.

Asabar, 7 ga Disamba

An fasa. Azyab, iskar kudu da ke mulkin wannan yanki a watannin sanyi, ta wuce kilomita 28 a awa tun asuba, teku ya yi fararen kawuna. Baƙi sun taso tun daga Jidda, ransu bai so ba, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. An kai su tsohon ƙauyen Ƙassar da ganuwar Turkawa. Daga yau ana duba hasashen hukumar yanayi ran Alhamis da dare, a sanar kafin kowa ya kama hanya.

Asabar, 21 ga Disamba

Fitar mata ta farko, su bakwai, da jagora mace. An ɗaura labule tsakanin wurin nakuda da gaban faluka. Nan aka gano giɓi: nakuda na bayan labule, ke nan ba mai kallon ruwa daga sama. Mai tsaro a fitar mata dole ta zama mace, aikinta kallo da ƙirga kawai, ba ta riƙe waya, ba ta raba shayi.

Sutura ita ce rabin aikin. Abaya, zani da dogon hijabi ba sa shiga ruwa: auduga na shan ruwa ta yi nauyi, yadi mai faɗi kuma yana tasowa ya rufe fuska ko ya naɗe bututu. Abin da ya yi shi ne doguwar riga ta nailan zuwa gwiwa, da wando zuwa idon sawu, da 'yar igiya a kowane gefe da ke haɗa rigar da wandon don kada ta ɗage, sai hular hijabi mai kama kai. Bakin hular kada ya shiga ƙarƙashin leɓen gilashi, ko faɗin tsinke ne zai yi yoyo. A tura shi baya ya bar goshi.

Kitso ma da nasa. Shuku da duk wanda ya tara gashi a ƙeya yana zama daidai inda maɗauri ke bi, gilashi ya karkace. Kitson da ya kwanta zuwa baya shi ya fi. Man kitso da man fuska na sa roba zamewa, kwalli kuwa da ruwan gishiri ya taɓa shi sai ido ya ɗauki yaji. Ana aika wannan a saƙo tun ran Laraba, domin ba a faluka za a ce wa Hajiya ta tsefe kai ba. Lalle ba ya hana komai.

Uku sun yi amai a hanya. Ƙwayar hana jiri minti 30 zuwa awa ɗaya kafin hawa ake shanta, ba bayan ciki ya juya ba, kuma tana sa barci. Karin kumallo mara maiƙo, a zauna tsakiyar faluka, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Wani baƙo ya dafa bushiyar teku, baƙar nan mai dogayen ƙayoyi, lokacin hawowa daga Tafki ta gefen dutse. Ƙaya shida a tafin hannu. Ruwan zafin da ke faluka fulas ɗaya ne na shayi, ya huce cikin minti goma.

An gyara akwatin agaji. Yanzu fulas biyu masu lita 2 na tafasasshen ruwa, ba a taɓa su don shayi, da bokiti da ma'aunin zafi. A sirka da ruwan teku har ya tsaya tsakanin digiri 40 da 45, a tsoma wurin minti 30 zuwa 90, ana ƙara na zafi. Jagora ya fara sa nasa hannun, domin wanda zogi ya kama ba ya tantance zafi, sai ya ƙone bai sani ba. Wannan magani ɗaya ne ga bushiya, da kifin dutse, da kifi mai gashin zaki, da sukan wutsiyar faffaɗan kifin da ke kwanciya cikin yashi. Ƙayar da ta leƙo a cire da hantsaki, wadda ta nutse a bar wa likita, tonon allura farfasa ta yake yi. Sukan kifin dutse kuwa ba jira: ƙafa cikin bokiti, faluka ta nufi gaɓa, a kira 997, lambar motar asibiti, tun a hanya, sai asibitin Farasan.

Abin da aka saba yi wa saran maciji a ƙauye, tsagawa da tsotsa da ɗaure igiya tamau, duk an hana. Haka zuba fetur.

Murjanin wuta launin ruwan ɗorawa ne mai fararen baki. Wanda ya goga, a ɗauraye da ruwan teku, ba ruwan sha ba, a zuba khal, kada a murza. Yankan murjani kuma akasin haka: a wanke shi sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, domin yana saurin ruruwa. Katantanwa mai siffar mazurari da zane mai kyau ita ce ta fi ba mu tsoro, don ita ce ke jan hannun yara. Tana harbi, dafinta ba shi da allurar kariya, kuma cikin aljihu ma tana iya harbi.

Takalmin roba mai taurin ƙasa ya zama dole a Tafki, kuma jan ƙafa ake yi a yashi, ba ɗagawa ba. Ga mai tambaya, macijin teku ba ya cikin abin da ake fargaba a Bahar Maliya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Rana mafi muni zuwa yanzu, ko da yake ba wanda ya ji rauni. An kai mutum shida da suka saba zuwa Bango. Awon farko daƙiƙa 45. Bayan kusan awa ɗaya ruwa ya juya, ya ja ƙungiyar nesa da faluka da abin da ya kai mita 150, suna kallon ƙasa ba su sani ba. Sai da nakuda ya cire anka ya bi su.

Kuskure uku ne suka haɗu. An auna sau ɗaya aka dogara da shi, alhali ruwa na juyawa kusan duk awa shida. Ba a duba kwanan wata ba, ga shi farkon Sha'aban ne. Farkon wata da tsakiyarsa su ne kwanakin gudun ruwa, kuma wannan lissafi ne da kowannenmu ke da shi a ka saboda ibada. Na uku, mai tsaro ta ga wani yana ɗaga hannu ta ɗauka gaisuwa ce, domin tun safe haka suke ɗaga wa 'yan uwansu na kan faluka.

Gyara: mai tsaro na sake jefa gora duk minti 20. Ana sakin igiya mai mita 30 da ƙwallo a bakinta a bayan faluka, wanda ruwa ya ja ya kama. Ana fara iyo ne a fuskanci ruwa, a dawo yana turo mutum, lokacin da ƙarfi ya ragu. Alama biyu ce kawai: hannu a kan kai, lafiya, kaɗa hannu, a zo. An hana gaisuwa daga cikin ruwa, kuma ana faɗa da baki ƙarara, "Alhaji, in ka ɗaga hannu za mu zo da taya, ko gaisuwa ce." Usur ɗaya a dubi faluka, uku kowa ya dawo.

Ƙirga kai an daina. Suna da lambar riga ake kira, mutum ya amsa da bakinsa, kafin shiga da bayan fita, kuma ba a tayar da inji sai na ƙarshe ya amsa. Muddin akwai mutum kusa da tsani, inji a kashe yake, ba a ajiye giya kawai ba. Farfela ba ta san jagora ba. Tutar masu nutso tana sama duk lokacin da ake ruwa. Rediyon faluka na kan tasha ta 16, ta kiran gaggawa, lambar Harasul Hudud 994 an rubuta ta jikin akwatin agaji.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ruwa digiri 26. A baki kamar ɗumi ne, amma ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, kuma mai kwance a kan taya ba motsi yake ba. Bayan minti 40 siraran mutane sun fara karkarwa. An tsayar da zango biyu na minti 30, da hutu da shayi a tsakani. Rana kuma ta ƙone wa mutum huɗu ƙeya da bayan ƙafa. Baƙar fata ma tana ƙuna. Riga mai dogon hannu da dogon wando sun fi man shafawa, sun kuma rufe al'aura.

Wani dattijo numfashinsa ya yi gajere, jiki ya saki, ba tare da ya sha ruwa ba. An fito da shi, an zaunar da shi a miƙe, an sa masa oksijin, an kai shi asibiti. Irin wannan ba a cewa ya huta ya koma, domin ruwa kan iya taruwa a huhu daga cikin jiki, musamman ga mai ciwon zuciya ko hawan jini. A takardarsa ya rubuta ba shi da komai. Laifin tambayar ne: ka tambayi Bahaushe lafiyarsa, "lafiya lau, alhamdu lillahi" zai ce ko daga gadon asibiti. An sauya ta zuwa "Baba, wane magani kake sha kullum?" kuma a keɓe ake yinta. Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai asmar da ke tashi, sai da takardar likita.

An hana gilashin da ke rufe fuska gaba ɗaya, ko mutum da nasa ya zo. Na arha ba ya raba iskar shiga da ta fita yadda ya kamata, cire shi cikin firgici na da wuya, jagora kuma ba ya jin maganar mai shi. An hana samari yin haki da gangan kafin su nutsa. Yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, mutum ya suma a ƙasa ba tare da ya yi ko motsi ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An rufe saboda azumi, sai bayan Sallah. Ruwa na wucewa maƙogwaro ko ga gwani, ga ƙishirwa a tsakiyar teku. An jiƙa kaya cikin ruwan daɗi awa ɗaya, an shanya a inuwa, gilasai cikin akwatunansu, ƙafar agwagwa a kwance ba a jingine ba don kada ta lanƙwashe. Bakin bututu biyar an tauna su har sun tsinke, maɗauri uku sun tsage. Jagorori za su yi amfani da hutun su sabunta horon farfaɗo da wanda ya nutse.

Asabar, 12 ga Afrilu

An koma. Ruwa ya fara ɗumi, Azyab ta lafa. Lokacin harid ne, kifin nan mai baki kamar na aku da ke taruwa duk shekara a gaɓar Hasis, wanda mutanen Farasan ke yi wa biki. A makon bikin masauki da wurin mota a abbara sukan yi wuya, a kama da wuri. A Lambu ana tsayar da baƙi su yi shiru su saurari ƙarar haƙoransa yana kankare dutse. Wani ɓangare na farin yashin da suka taka daga cikinsa ya fito.

An ga babban kifin nan da muke kira mai gashin baki yana shawagi kan wani rami a yashi. In yana gadin ƙwai cizo yake yi, kuma yankin da yake karewa faɗaɗa yake yi zuwa sama, don haka a kauce ta gefe, ƙafar agwagwa tsakaninka da shi. An karkatar da hanyar Lambu mita 20 gabas.

An zaɓi kawunan murjani biyar, an ɗauki matsayinsu da GPS, za a riƙa ɗaukar hotonsu duk wata daga wuri ɗaya. Zafin 2015 ya kore launin murjani mai yawa ya mayar da shi fari a kudancin Bahar Maliya, ruwan nan kuma yakan haura digiri 30 da bazara, don haka ana son a san ranar da launi ya fara kwaranyewa. Da bazara ma ruwan tekun kan ja baya da abin da zai kai rabin mita, ke nan sai an sake auna zurfin hanyar Lambu a watan Mayu.

Abin da ya rage a hannu: neman izinin kafa maɗaurin faluka na dindindin a Lambu don a daina jefa anka, horar da jagora mace ta biyu, domin jerin mata ya kai fita uku, odar gilashi huɗu masu ƙarfin tabarau, daga 2 zuwa 5, ga waɗanda ba sa gani daga nesa. Fita ta ƙarshe a wannan zango ƙarshen Mayu ce, kafin ƙurar gubra ta rufe Jizan.